Zaman Igiya

Ni 'yar masu rijiya ce. In ka bi ƙauyukan da ke bayan duwatsun Roni har ka dangana da Gwiwa, duk tsohuwar rijiyar da ka leƙa ba ka hango ruwanta ba sai da ka jefa tsakuwa ka kasa kunne, to ko dai babana ne ya haƙa ta, ko mijina ne ya yashe ta. Ƙasarmu ba ta ba da ruwa da sauƙi. Sai an fasa marmara an wuce, a sake cin karo da wata. Mazan gidanmu a cikin rami suka ƙare ƙarfinsu. Mu mata kuma muna da namu aikin a sama, wanda ba a biyan kowa a kansa, ba a kuma wasa da shi. Zaman igiya muke ce masa.

Ga yadda yake. Ranar da namiji zai shiga rijiya, kafin ya fita sai ya tsaya a ƙofar ɗakin uwarsa, in ba ta da rai ya tsaya a ta matarsa, ya ce, "Zan sauka." Iyakar maganar ke nan. Ita kuma sai ta shimfiɗa tabarma, ta ɗauko guntun da aka yanko daga tsohuwar igiyar gidan, ta ɗora a cinya ta riƙe. Ba daka, ba tankaɗe, ba zubar da ruwa a ƙasa, ba dariya. Salati da addu'a, sai salla in lokacinta ya yi, har a aiko a ce ya hau. Wani malami mai wa'azi ya taɓa cewa camfi ne. Na ce a je a tambayar min shi, uwa ta ajiye aikinta ta zauna tana roƙa wa ɗanta Allah, ina camfin yake? Igiyar kuwa don hannu ne, kada ya manta ya tafi neman muciya.

Ina ƙarama, matar ƙanen babana ta tashi daga zaman don ta kori akuyar da ta sa kai a tukunyar miya. A ranar muguwar iskar ƙasan rijiya ta bugi mijinta, aka jawo shi ba rai. Ba wanda ya ce ita ce. Kowa cewa ya yi kwana ya ƙare. Amma har ta koma ga Allah ban ƙara ganin an miƙa mata jariri ranar suna ba.

Ni kuwa, da yake ban tarar da uwar mijina da rai ba, na zauna masa tun ina amarya har bayansa ya ranƙwafa, ban taɓa ɗaga gwiwa daga tabarma kafin a ce ya hau ba. A kan gadonsa ya cika, ƙafarsa a bushe. Da abu biyu aka san ni a ƙasar nan, da zaman nan da guɗa. In na rangaɗa guɗa a ƙauyenmu, matan ƙauyen gaba sukan san an ɗaura aure.

Da tuƙa-tuƙa da burtsatse suka shigo, sana'ar gidanmu ta kwanta. Ban yi baƙin ciki ba, na ce 'ya'yana sun huta da rami. 'Yata ta fari, wadda ba na kama sunanta, tana aure a Kazaure, can na tura Autana ya yi makaranta a hannunta. A dam ɗin garin ya koyi iyo, ba da sanina ba. Da ya gama makaranta aka ce an ɗauke shi sojan ruwa, za a kai shi bakin teku.

Ranar da ya zo sallama, yayar tasa na zaune, na tambaye shi kai tsaye.

"Auta, ruwan za ka shiga?"

Ya yi dariya. "Inna, suna ne kawai. Mota zan riƙa tuƙa wa wani babba a cikin bariki."

"Sojan ruwa da mota?"

Yayar ta karɓe. "Inna, manyansu ai ba a kan ruwa suke kwana ba. Gidaje ne da su kamar kowa. Wani kuku ne, wani direba ne."

Na ce, "To. Amma in ranar ta zo, ka san abin da ake cewa a gidan nan."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na sani, Inna."

Na naɗe guntun igiyar na sa a ƙasan adakata, ƙarƙashin zannuwan da ba na ɗaurawa sai da dalili. Shekaru suka wuce. Yana zuwa hutun salla, ya yi faɗin ƙirji, ya yi baƙi. Na ce tuƙin mota ne yake faɗaɗa mutum haka? Ya ce atisaye ne na safe. Ni kuma na riƙa fita ina cika baki a gidajen suna, ina cewa ɗana sojan ruwa ne amma ruwa ba ya taɓa shi sai na alwala. Mata su yi dariya. Na ɗauka daɗin maganata suke ji.

Wata damina na fito da kayan adakar in shanya, na ga igiyar ta ragu da kamar taƙi guda. Na ce ɓera ne. Da na duba bakin yankan na gan shi sumul. 'Yar farin tana nan a ranar, na nuna mata na ce, "Ke, wane irin ɓera ne yake yawo da wuƙa?" Ta ƙyalƙyale da dariya ta ce idona ne ya fara yi min gardama. Na mayar da igiyar na rufe.

Sai bikin 'yar ƙanena ya taso a Babura. Biki ne na gaske, har dangin ango daga tsallaken iyaka suka zo, ana liƙa wa makaɗa sefa. 'Yar farin ce a kan tukwane. Tun da sassafe aka fara nemana, na kuwa ba su guɗa har maƙogwarona ya yi zafi. Da hantsi wayarta ta yi ƙara, ta duba, ta zagaya bayan rumbu. Da ta dawo idonta ya yi ja. Na ce lafiya? Ta ce itacen ɗanye ne, hayaƙi yake yi. Na hango ta ta ja kawunta gefe suna magana ƙasa-ƙasa, shi ma ya waiwayo ya dube ni ya kawar da kai. Na zaci cefane ne bai isa ba.

Can sai ta zo ta dafa ni. "Inna, ana jiranki, za a fito da amarya."

Na tashi na je. A wunin nan ba abin da na bari. Na yi guɗa, na yi dariya har na riƙe ciki. Na ga 'yammata suna daka kamar marasa ƙashi, na karɓi taɓarya na nuna musu yadda ake lugude. Na wanke hannu na watsar da ruwan a tsakar gida. Duk abin da macen gidanmu ba ta yi ranar da nata yake ƙasa, na yi shi a gaban jama'a, ana tafa min.

Bayan wani ɗan lokaci aka kawo min Auta a mota. Yana jan ƙafar hagu, in ka yi masa magana ta dama sai ya juyo da ɗaya kunnen. Aka ce haɗarin mota ne, an ba shi hutun jinya. Na aika Gwiwa aka kira min maɗori, tsohon da ya taɓa ɗora mijina. Ya matsa ƙafar tun daga ƙugu har yatsu, ya ɗago ya dube ni.

"Hajiya, ba karaya, ba targaɗe, ba ko ƙujewa. Wace irin mota ce wannan mai ladabi?"

Auta ya ce ta ciki ƙafar ta bugu. Na yarda, don ban saba ɗana ya yi min ƙarya ba. Na riƙa gasa masa ƙafar da ruwan zafi safe da yamma, ina tsine wa direban da ya buge shi, mutumin da babu shi a duniya.

Wata ranar Laraba yayar ta zo ta ɗauke shi zuwa asibitin Kazaure. Suna tafiya ba da jimawa ba aka yi sallama. Wani gajere ne kakkaura, ya sauka daga acaɓa da kwalin bandar kifi a kafaɗa. Ya ce daga Yawuri yake, hutu ya samu ya ce sai ya zo ya duba abokin aikinsa. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Na kawo masa fura. Na ce, "Kai ma direban ne?"

Ya yi dariya har fura ta kusa sarƙe shi. "Direba kuma, Inna? Ko keke ban iya ba. Ni ne mai riƙe masa igiya."

Na ajiye ludayin da ke hannuna.

"Wace igiya?"

"Ta nutso mana. In ya sauka, ni ne a sama."

Na zuba masa ido. Shi kuwa bawan Allah ya ɗauka yabo nake jira, ya buɗe baki. Ya ce a aikin nasu akwai masu sintiri cikin ƙananan jirage a lungunan ruwa, inda ba ka ganin mai harbinka. Akwai waɗanda ake zurarawa daga jirgi mai saukar ungulu su faɗa tsakiyar igiyar ruwa su kamo mutum. Ya ce mai nutsewa ba ya gane mai cetonsa, hawa kanka yake yi ya danna ka ƙasa, sai ka iya kama shi ta baya. "Amma Inna, duk cikinmu ba wanda ake ɗaga wa hula kamar masu nutso, kuma a cikin masu nutso ɗanki ne ake fara kira." Ya ce ƙasan ruwan can ba a ganin ko tafin hannu, laka ce da duhu da sanyi, da hannu ake lalube. Mutum ya goya tukunyar iska a baya ya shiga cikin jirgin da ya kife, ɗaki bayan ɗaki, bai san ko mai rai zai taɓo ko gawa ba.

Na ce, "Ƙafar fa?"

Ya ce wani jirgin fasinja ne ya kife a bakin teku, aka ji ana bugun ƙarfe daga ciki, alamar akwai masu rai a inda iska ta maƙale. Auta ya sauka ya fito da mutum, ya koma ya fito da wani, ya sake komawa bayan an ce ya isa haka. A hawa na ƙarshe matar da ya ɗauko ta fara shaƙewa, sai ya taso da ita da sauri. Su kuwa ka'idarsu a hankali ake tasowa, ana tsayawa a hanya, in ba haka ba jini ya ɓaci. Ya fito hanci da kunne na zubar jini, ƙafa ta mutu. Aka sa shi a wani ɗakin ƙarfe kamar tankin ruwa aka rufe, har jikin ya fara dawowa. Matar ta rayu.

"Wace rana ce?"

"Ai ranar da kuke biki ce. Kafin mu tashi ya buga wa yayarsa kamar yadda ya saba, ya ce mata zai sauka. Ya ma ce min ya jiyo guɗa ta cikin wayar, yana dariya yana cewa, wannan muryar Innata ce, ko a ƙasan teku zan gane ta."

Sai a lokacin ya dubi fuskata sosai. Ya ajiye ƙwaryar furar a hankali. "Inna, ba ki sani ba?"

Na ce, "Miƙo hannunka."

Ya miƙo. Tafin duk kanta ne, da wani tabo da ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe. Irin hannun babana. Na tambaye shi yadda yake riƙon. Ya ce in mutum yana ƙasa ba ya ci, ba ya sha, ba ya amsa maganar kowa ko da babba ne. Ya ce ta jikin igiyar yake jin ko mutum yana tafiya, ko ya tsaya, ko ya ruɗe. Na so in sami abin da zan kushe, ban samu ba. Yaron ya iya aikinsa. Wannan ma ya ƙara min ciwo, wani daga Yawuri ya san motsin ɗana a ƙasan ruwa shekara da shekaru, ni da na haife shi ina nan ina tsine wa direba.

Da la'asar suka dawo. Auta ya ga abokinsa a zaune, ya ga adakata a buɗe, igiyar na kan cinyata. Ya tsaya a bakin zaure kamar an kafe shi. Na ce su zauna. Na ɗaga igiyar na nuna wa yayar bakin yankan.

"Ina ɓeran?"

Ta fashe da kuka. Ta ce ita ta yanka. Ta ce tun farko ita yake kira, ita take zama masa a ɗakinta a Kazaure, ba ta taɓa fashi ba.

"Ranar bikin Babura fa?"

Ta kawar da kai.

"Ke nake tambaya. A kan wace tabarma kika zauna?"

"Inna, tukwane na kaina, baƙi sun cika gida. Na ƙulle ta a haɓar zanina, ina juya abinci ina addu'a."

"A haɓar zani. Sannan kika zo kika dafa ni kika ce ana jirana."

Auta ya matso ya durƙusa. "Inna, laifina ne, ni na roƙe ta. Aikin nan ba kamar na Baba ba ne da ake shiga rijiya lokaci-lokaci. Wani watan kusan kullum ne. Ga hawan jininki. Na ce in kin sani ba za ki ƙara cin abinci da daɗi ba."

Na ce, "Ɗaga murya, ni ba kurma ba ce, amma ina so ka ji abin da kake faɗa da kunnen da ya rage maka. Wa ya ba ku izinin auna ƙarfina? Na zauna wa ubanku ina da cikinka, naƙuda na taɓa ni, ban tashi ba. Uwarka na da rai ka tsallake ƙofarta ka je ka ce wa wata zan sauka?"

"Yayata ce, Inna."

"Ni na haife ta, na san ko wace ce. Ba layinta ba ne."

A ranar na ji sauran. Ƙanena ya sani tun shekarar farko. Sauran 'ya'yana sun sani. Samarin ƙauyen nan sun daɗe da ganin hotonsa a waya cikin baƙaƙen kayan roba, sun nuna wa iyayensu mata. Wato duk gidan sunan da na zauna ina cewa ruwa ba ya taɓa ɗana sai na alwala, matan da ke dariya sun san abin da suke wa dariya. Da na tuna matar ƙanen babana da akuyarta, sai na ga gara ita. Ita ta san tana zaune ta tashi. Ni an tashe ni ne ban ma san an shimfiɗa tabarma ba, aka kuma miƙa min taɓarya.

Na ce wa yayar ta kawo min guntun da ta yanka. Washegari ta kawo. Ban ɗaura shi a jikin uwar igiyar ba, na ajiye shi daban.

Ƙafar ta warke a hankali, kunnen bai dawo duka ba. Ban ce kada ya koma ba. Ɗan masu rijiya ne, kuma matar nan da ya ciro tana can tana shan iska, ba zan ce da bai ciro ta ba. Abu ɗaya na nema. Ya saya min waya, ya koya min inda ake dannawa, ya dafa kaina ya yi alkawari da kansa zai riƙa kira.

Ya kuwa kira. Wayar ta yi ƙara da safe, na ji muryarsa da ƙugin inji a bayansa, ya ce, "Inna, zan sauka." Na shimfiɗa tabarma. Da ya sake kira ya ce ya hau, na tashi na ci tuwo kamar ban taɓa ci ba. Haka muka yi ta yi har kaka ta wuce. Na rame, ban musa ba. Wata rana jiri ya ɗebe ni bayan na tashi daga zaman, aka kai ni asibiti, yayar ta zo jinyata, na riƙa jiyo ta tana waya a waje.

Daga nan kiran ya canja. Gaisuwa kawai, da tambayar ko na sha magani. Ya ce an duba kunnensa an ce ya daina nutso, yanzu sababbi yake koya wa a kan tudu. Yayar ta ce haka ne. Ƙanena ma da ya zo daga Babura ya ce haka ne, ban ma tambaye shi ba ya faɗa.

Mutumin Yawuri yakan kira ni lokaci-lokaci ya gaishe ni, tun ranar nan ya ɗauke ni uwa. Da ya kira na bari ya gama gaisuwa, sannan na ce, "Ɗan nan, hannun naka ya huta yanzu ko? Tunda abokinka ya koma tudu."

Ina jin numfashinsa.

"Kai nake saurare."

"Inna, layin ba shi da kyau, ba na jin ki sosai. Zan sake kira."

Layin lafiyarsa lau, har kukan tsuntsayen ruwa nake jiyowa ta bayansa. Yaron bai iya ƙarya ba, shi ya sa ya gudu.

Ban ƙara tambayar kowa ba. Tunda ba za a faɗa min ranar ba, na mai da kowace rana ita ce. Ina idar da abin karyawa nake shimfiɗa tabarma in ɗauko igiyata, ba na tashi sai don salla, har rana ta yi sanyi. Na bar daka, na bar zuwa biki. An zo daga Roni, an zo daga Yankwashi ana roƙon in je in yi guɗa ko sau ɗaya, na ce murya ta tafi. Ba ta tafi ba, tana nan.

Ranar Juma'ar da ta wuce 'yar farin ta zo da mayafinta na fita, ta tsaya a kaina. 'Yarta ce ta haihu, ana suna a Kazaure.

"Inna, don girman Allah ki tashi mu je. Jaririn nan ke ake jira ki ɗauka. Na yi waya da Auta ɗazu, yana gida, yau ko bakin ruwa ba zai je ba."

Na dube ta. Idonta ba ja, muryarta ba rawa. Mai yiwuwa ma gaskiya take faɗa.

Na ce, "Ke kika ce."

Na gyara igiyar a cinyata, na ce in za ta fita ta bi ta gefe, kada ta taka min tabarma.